Fentin da Ke Tafiya da Ruwa

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk faɗin Jidda babu mai riƙe buroshi kamar ni, na taɓa tafka wata kwaɓa da har yau in aka tuno ta a gidana sai an ajiye cokali an sha dariya. Na daɗe ina cewa zan ba ku labarin, yau dai Allah ya yi.

Ni mutumin Yawuri ne, a bakin kogi aka yanke mini cibiya. Umara na zo na maƙale, kamar yadda da yawanmu suka yi a wancan zamanin. Mu shida muke kwana a wani ɗaki a Khumra. Da sassafe nakan ɗauki buroshi da rola in tafi Sharafiyya, in tsaya kusa da shagunan fenti ina jiran mai neman ma'aikaci. Fenti a nan boya ake ce masa, shi ya sa ba a jima ba sunana ya ɓace, kowa sai mu'allim boya. Kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Ƙa'idata guda ce tun daga gida: fentin da ya bushe amma yake kama tufa ba fenti ba ne, zamba ce. In na gama ɗaki ya sha iska, sai in kira mai gida, in jingina da bango da farar jallabiyata, in goga bayana sosai, sannan in juya masa ya duba. Da wannan 'yar burgar na samu rabin ayyukana.

Ina da wani aboki haifaffen Jidda, kakanninsa ne suka zo hajji a ƙasa tun zamanin da. Direba ne a wani gida a Abhur. Shi ya samo mini aikin fentin gidan kawunsa, a can kuma na gamu da abin da ya fi ƙarfina. Ina kan tsani sai na ji murya daga bayan labule: “Mu'allim boya, yalla ka sauko ka sha shayi, zai zama barid.” Wato zai huce. Hausar a karye, Larabcin a miƙe. 'Yar mai gidan ce. Aikin kwana huɗu sai da na ja shi kwana tara, har ƙofar banɗaki sai da ta sha hannu uku.

Da na ga abin ba na wasa ba ne, na roƙi abokina ya ji mini ta bakin kawun nasa. Ya je ya dawo yana sosa ƙeya.

“Khali ya ce kana da hannu, ya ga bangonsa. Amma ya ce bango ba asali ba ne. Ba takardar iƙama, ba kafilin da ya tsaya maka, ba uba, ba kawu. Ya ce to wa zai tambaya halinka?”

“Ya hana ke nan?”

“Bai hana ba, bai bayar ba. Ka san khali, sabur kawai, sai haƙuri.”

Haka na yi wata huɗu a rataye. Duk Juma'a ina bin abokina gidan cin abinci, ina zuba ladabi, ina gyara zama. Tsohon masunci ne, gajere, maganarsa a ƙirge take. Yana da wani jirgin katako mai inji a Abhur, da shi yake ci da gidansa. In ya dube ka sai ka ji kamar kifi ne kai yana duba ko na jiya ne.

Wata Juma'a muna cin shinkafa da kifi, ya ce wa abokina lokacin fentin ƙasan jirgi ya yi, ga shi zai kai iyali ziyara Madina na mako guda, bai san wa zai bar wa aikin ba. Ban bari ya rufe baki ba.

“Baba, ai ga ni. Ni ɗan ruwa ne gaba da baya. A cikin kwalekwale na yi rarrafe. Mahaifina tun ina yaro tare muke shafa wa nasa kwalta.”

Ya ɗago ya dube ni. “Ruwan naku da gishiri?”

“Baba, ruwa ai ruwa ne.”

Ya daɗe yana tauna. Can ya ce, “Tayyib. Akwai wani ɗan Yaman mai shagon kayan jirgi kusa da kasuwar kifi. Ka ce ni na aiko ka, ya san abin da yake ba ni. A kankare, a wanke, a shafa hannu biyu, a mayar da shi ruwa kafin in dawo.”

Na fita gidan nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa. A raina na ce yau dai tsohon nan zai san da wanda yake magana. Tun da ba ni da dangin da za su yi mini shaida, bari jirginsa ya yi mini.

Shagon ɗan ƙarami ne, cike da igiyoyi da ƙugiyoyi da warin man inji. Mai shi dattijo ne siriri mai furfura. Da na ambaci wanda ya aiko ni, ya washe baki, ya shiga ciki ya kinkimo gwangwanaye biyu ya dire a gabana. Na ɗaga ɗaya na ji nauyi kamar an cika shi da yashi. Ya buɗe mini, na ga wani ja mai duhu, dusu-dusu, kamar jar ƙasar da aka kwaɓa. Raina bai kwanta ba. Idona ya kai kan wani gwangwani a saman kanta, da hoton jirgi fari tas yana sheƙi a jikinsa. Na nuna shi na ce wancan nake so.

“La, la, la,” in ji shi, yana kaɗa yatsa. “Hadi hagg moya hilwa.” Wato wancan na ruwan daɗi ne. Sai ya dafa jan, ya shiga bayani mai tsawo, yana nuna teku, yana murza yatsunsa biyu kamar mai zuba gishiri a miya. A lokacin Larabcina na neman aiki ne da cinikin burodi. Amma mu'allim guda ya ce bai gane ba? Sai na shiga abin da na saba: “Aiwa. Aiwa. Tamam.” A cikin duk maganar jimla ɗaya na cafke, don sau uku ya maimaita ta: “Hadi timshi ma'al moya, shuwayya shuwayya.”

Na fassara a kaina: yana tafiya da ruwa. To madalla. Kamar yadda muke cewa tuwon dawa yana tafiya da miyar kuka, wato sun dace. Na ce aiwa, na kwashi kayana. Amma a hanya ina ta saƙe-saƙe. Don me zai hana ni mai kyan ya ba ni wannan mai kama da laka? Na san halin wasu 'yan kasuwa, in sun ga baƙo sai su sauke masa kwantai.

An riga an jawo jirgin tudu an ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi. Kwana biyu na yi ina kankara da gogewa, rana tana gasa ni, ga danshin Jidda da ke sa mutum ya jiƙe ko a tsaye yake. Na wanke shi tas, ya bushe, na shafa hannu na farko, washegari na biyu. Na bi kowane lungu, har ƙarƙashin inda tayoyin suka tokare sai da na sa aka ɗaga mini. Da ya bushe na zo yin gwajina na kullum. Allah ya taimake ni ban jingina da jallabiya ba, tafin hannu na sa. Na goga, na duba. Ja wur.

Na bar shi ya ƙara yini guda, na sake gogawa. Ja. Kamar alli.

Na zauna a kan taya na dafe kai. Shi ke nan, zargina ya tabbata, ɗan Yaman ya cuce ni. Tsohon zai dawo ya taɓa jirginsa ya ga hannunsa ya yi ja, ya ce ga aikin mai neman 'yarsa. In koma shagon in yi rigima, da wane Larabcin? Kuma mutum marar takarda ba ya ɗaga murya a kasuwa. In tambayi masuntan da ke gefe suna gyaran koma, su ce mu'allim bai san fenti ba? Matambayi ba ya ɓata, haka ake cewa, amma ni a ranar girman kai bai bar ni na tambaya ba.

Sai dabara ta zo mini, har na yi murmushi don jin daɗin basirata. Na hau mota zuwa Sharafiyya, na shiga shagon da na saba, na sayi warnish da kuɗin aljihuna. Man ƙyallin nan ne da ake shafa wa ƙofofin katako, kuma mafi tsadar na zaɓa, don ba na son ƙaramin abu. Na dawo na lulluɓe jan fentin nan da shi tun daga gaba har baya, hannu biyu. Da ya bushe, jama'a, ku zo ku ga jirgi. Kana ganin fuskarka a jiki. Na goga hannu, fes. Na jingina da jallabiya na murza bayana, fes.

Abokina ya zo da yamma da wasu lebura don a tura shi ruwa. Shi mota ya sani, bai san jirgi ba. Ya zagaya shi yana tafa hannu. “Mashallah alek ya mu'allim! Wallahi khali bai taɓa samun irin wannan ba. Halas, ka fara ɗinkin angwanci.” Muka tura shi, duk inda na shafa ya nutse a ruwa. Da tsohon ya dawo ya tarar da jirginsa yana lilo a inda ya saba ɗaure shi, ya ce, “Sannu da aiki.” Kalma uku, amma kwana uku na yi ina juya su a raina.

Mako uku na farko lafiya lau. Ni ba na shiga teku, don masu gadin ruwa suna duba takarda, saboda haka a wurin cin abincin Juma'a nake jin labari. A mako na biyar tsohon ya ce jirgin ya yi nauyi. A na shida ya ce inji yana shan mai kamar raƙumi, wurin da yake isa kafin rana ta ɗaga yanzu sai hantsi, sa'annan wasu sun riga shi. Na ce, “Baba, ko injin ne?” Ya kai injin aka duba, lafiyarsa ƙalau. A mako na bakwai ya aiko abokina ya ce in zo, za a fito da jirgin.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. A kogin garinmu abin da ke kama kwalekwale gansakuka ce, ka sa yashi da soso ka wanke ta tafi. Wannan kuwa ƙasan jirgin gaba ɗaya ya zama kamar dutse. Wasu 'yan halittu masu ɓawo kamar ƙananan koɗi sun manne a jere, wani kan wani, bakinsu da kaifi kamar reza. Hashaf tsohon yake kiransu. Ga ciyawa kore tana reto kamar gemu, ga wari. Masuntan gefe suka taso suna kallo suna salati.

Tsohon ya matso kusa da jirgin. Ya zagaya, ya samu wani ɗan fili da ba su kama ba, ya share shi da tsumma, ya goga tafin hannunsa da ƙarfi. Ya duba. Ya miƙo mini hannun.

“Ka gani?”

“Na gani, Baba. Fes.”

“To shi ne. Ba ya zuba. Boyar ƙasan jirgi in ba ta kama hannu ba, matacciya ce. Ɗan Yaman ya ga baƙo, ya ba ka matacciya.”

Abin da na ɗauka cuta ashe shi ne lafiyar, abin da na kira gyara shi ne kisan. Garin gyaran gira na tsone ido.

Ya ɗauko wani tsohon gwangwanin da na bari a gefe, ya jefa a bayan a-kori-kurarsa. “Shiga. Kai ne shaidata.”

Daga Abhur zuwa kasuwar kifi tafiya ce mai nisa, kuma ranar Shaiɗan a tsakiyarmu ya zauna a kujerar gaba. Shawara yake ba ni mai daɗi. Ka yi shiru. Ɗan Yaman yana da shago, yana da iƙama, yana da 'ya'ya, in tsoho ɗaya ya daina sayayya wurinsa me zai ragu? Kai kuwa abu ɗaya kake nema a garin nan, kana buɗe baki ya tafi. Ba ƙarya za ka yi ba, shiru kawai. Na yarda da shawarar nan, ba zan ɓoye muku ba. Har muka tsaya a ƙofar shagon a kanta nake.

Tsohon ya dangwarar da gwangwanin a kan kanta. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba, kuma duk da ƙarancin Larabcina na gane. Shekara talatin yana sayen kaya a nan. Tare suka yi samartaka. Ya aiko yaro baƙo da amana, a ba shi mataccen kaya? Maƙwabta suka fara leƙowa. Mai shagon ya cire hularsa ya ajiye. Ya shiga ciki ya ɗauko irin gwangwanin, yana ƙoƙarin buɗewa, murfin ya ƙi. Yana cewa wallahi, wallahil azim, daga kwali ɗaya suke. Idonsa ya ciko. Dattijo da furfurarsa yana rantsuwa a gaban mutane a kan abin da ni na aikata.

Nan shawarar Shaiɗan ta ƙare.

“Baba,” na ce da Hausa, “ba laifinsa ba ne.”

Ya juyo.

“Fentin yana zuba. Da na shafa yana kama hannu sosai. Ni na ɗauka jabu ne, sai na... na shafa warnish a kai.”

“Ka shafa me?”

“Warnish. Hannu biyu.” Don wauta har na ƙara da cewa, “Mai kyau ne, na ƙofa.”

Ya dube ni, ya dubi rufin shagon, ya sake dubana. “Faɗa masa da bakinka.”

“Baba, Larabcina...”

“Larabcin da ka ce aiwa da shi. Faɗa masa da shi.”

Na juya wurin mai shagon. Na ce, “Ya ammi, ana... boya ahmar, ba'den warnish fog. Itnen.” Na ɗaga yatsu biyu.

Mai shagon ya ce, “Warnish?” Na ce aiwa, kuma wannan ce aiwa ta farko da na faɗa masa ina sane da abin da nake amsawa. Sai ya fashe da dariya. Ya yi dariya har ya zauna a kan buhun igiya, hawayen da ya taru don baƙin ciki ya zubo don dariya. Maƙwabta suka kama, labari ya bi layin shagunan kafin in ƙifta ido.

Da ya lafa, ya jawo ni ya zaunar, ya sake yin bayanin da ya yi mini ran farko, tsohon yana fassarawa fuska a murtuke. Ya ce a ruwan daɗi irin namu abin da ke kama jirgi kaɗan ne, fenti siriri mai santsi ya wadatar, irin wancan na saman kanta. Shi ma cikin kaya ya zo masa bisa kuskure, shekara biyu ya rasa mai saye, don duk Jidda babu kogi. Tekun nan kuwa ga gishiri ga zafi, duk abin da ke cikinsa gida yake nema. Jan fentin cike yake da garin tagulla, shi ne nauyin da na ji. An yi shi ne ya riƙa zaizayewa kaɗan-kaɗan, kullum sabuwar fuska mai dafi tana fitowa, abin da ya zo mannewa ya ji ba daɗi ya yi gaba. Ya ce kafin a zaɓi fenti sai an san ruwan da jirgi zai zauna, da ko kwana yake a ciki ko fito da shi ake yi kullum. “Kai kuwa,” in ji shi, “ka ɗauki mai gadi, ka kulle shi a ɗaki, ka tafi da mabuɗin.”

Na ce a hankali, “Amma Baba, ai cewa ya yi yana tafiya da ruwa.”

“E, tafiya. Ruwa yana tafiya da shi, shuwayya shuwayya. Kai ka ɗauka tafiyar tuwo da miya ce?”

Shi bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya tashi ya kama kan mai shagon da hannu biyu ya sumbace shi, ya ce ya yafe masa, ya zarge shi a kan abin da bai yi ba. Duk dariyar da aka yi mini ba ta ƙona ni kamar wannan ba. Ni na sa mutum mai girma irin wannan ya sunkuya a gaban kasuwa.

Muka kama hanyar komawa Abhur. Da muka isa ya miƙo mini ƙarfen kankara ya tafi.

Kwana biyar na yi a ƙarƙashin jirgin nan. Hashaf ba ya fita da lallami, sai ka sa ƙarfi, in ya fita kuma ya yanke ka. Bayan shi ga warnish ɗina mai tsada, wanda ya kama katako da gaskiya kamar yadda mai sayarwa ya yi alkawari. Hannuwana suka farfashe, gishiri yana shiga. Kowace rana tsohon yana zaune a inuwa yana ɗinkin koma, kwana biyar ba fita, ba kifi, kuma bai taɓa faɗa mini haka ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Masuntan wurin suka sauya mini suna, na tashi daga mu'allim boya na koma mu'allim warnish. Ni dai na riga na fid da rai. Aikin nake yi don in gyara ɓarnata, in tattara buroshina in daina zuwa cin abincin Juma'a.

Rana ta uku abokina ya zo da kwanon abinci, yana danne dariya. Ya ce, “Bint khali ce, mai kawo maka shayi, ta aiko. Ta ce a faɗa wa mu'allim shinkafar haka ake cinta, kada ya shafa mata komai.” Na ci shinkafar nan ina jin kunya ina jin daɗi, ban san wanne ya fi yawa ba.

Da katako ya fito fes, na shafa jan fentin hannu biyu, tsohon yana tsaye a kaina. Washegari ya zo ya goga tafinsa ya duba. Ja wur. Ya gyaɗa kai ya ce, “Rayayye.” Na fara haɗa kayana a buhu.

“Ran Alhamis bayan la'asar,” in ji shi, yana goge hannu da tsumma, “ka turo manyanka.”

Na ɗauka gatse ne. Na ce, “Baba, ka san ba ni da kowa a garin nan.”

“Da ne ba ka da kowa. Ɗan Yaman ya zo gidana shekaranjiya. Wannan sarkin surutun,” ya nuna abokina da haɓa, “ya kwashe labarinka kaf ya faɗa masa. Ya ce mini, ka ce ba ka da wanda za ka tambaya halin yaron, to ga ni, tambaye ni.”

“Ka tambaye shi, Baba?”

“Na tambaya. Ya ce Larabcinka abin tausayi ne, kanka kuma da tauri. Amma ya ce da ka yi shiru ran nan, shi zai kwana da kunyar, kuma kana sane da abin da za ka rasa ka yi magana. Ya ce shi zai karɓa maka.”

Na tsuguna a wurin, buhu a hannu. Sai ya ce, “Tashi ka kama, a tura jirgi, kwana nawa ban fita ba.”

An ɗaura auren bayan wata biyu a masallacin unguwarsu, bayan la'asar. Da liman ya ce ina wakilin ango, mai shagon ya gyara zama cikin sabuwar riga. Ashe mako guda ya yi abokina yana koya masa jimla ɗaya. Ya ɗaga hannu ya ce da Hausa, a karkace, “Ni ne babansa.” Masallaci ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba. Mahaifina ya rasu ina shekara ta biyu a Jidda, ban samu zuwa jana'iza ba, kuma tun daga ranar ban sake jin wani ya faɗi haka a kaina ba. Na sunkuyar da kai na yi kuka sosai, ban ji kunyar kowa ba.

Maganar takardu ta ɗauki shekaru da wahalarta, amma ta zo ta wuce. Fentin jirgin kuwa ni na ci gaba da yi duk shekara har surukina ya daina fita teku, kuma daga baya masuntan wurin ma ni suke kira, duk da sunan da suka sa mini bai taɓa goguwa ba.

In na waiwaya yanzu, ba rashin sani ne ya kayar da ni ba, don kowa da abin da bai sani ba. Abin da na sani ne ya kayar da ni. Na iya bango, na san kogi, sai na ɗauka duniya duka bango ce da kogi. Tun daga lokacin in aka yi mini bayani ban gane ba, ko yaro ne, sai in ce maimaita, in ya maimaita ban gane ba in ce ƙara. Ba abin da ya ragu a jikina. Kuma na gane cewa abin da nake ta ƙoƙarin nuna wa tsohon nan, wato gwaninta, ba shi yake nema ba tun farko.

Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya, surukina da mai shagon, shekara ɗaya tsakaninsu. Allah ya jiƙansu. Ba na tuna su da baƙin ciki, don sun ga jikoki, sun sha dariyata har suka gaji. Na zo garin nan ba ni da kowa. Yau in na ɗaga hannu zan yi wa mahaifina addu'a, mutum uku nake ambata.